Tanderun Ɗanliti da Daɓen Mama Huseina

A shekarar 1987, duk wanda ya bi ta bayan Bukan Sidi ranar Laraba zai hangi hayaƙi yana tashi daga wani dogon bututun ƙarfe, ya kuma ji rugugin injin Lista yana kaɗa fanka. Wajen Ɗanliti ke nan, mai zubin ƙarfe. Iyayensa maƙeran Kano ne da suka sauka Lafia tun kafin a haife shi, amma shi bai tsaya kan fartanya da lauje ba. Da kayan inji na waje suka yi wuyar samu, har masu casar shinkafa da masu niƙa suka fara rufe shaguna, sai ya kafa tanderu, ya shiga narkar da tsofaffin bulok na mota yana zuba musu dutsen inji, wato faifan nan mai haƙora da ke niƙa hatsi, da fuli, wato gargaren da bel ke juyawa, da sauran ƙananan kaya.

Ɗanliti gwanin yashi ne. In ka kawo masa karyayyen ƙarfe, zai danna shi cikin damammen yashi ya fitar da siffarsa sak, ko tsagar gashi ba za ta ɓace ba. Amma tanderun kansa ba shi ke riƙe da shi ba. Wannan aikin Iorkyaa ne, wani dattijon Tibi da ya yi shekara goma sha biyar a wani gidan zubi a kudu kafin ya dawo kusa da gida. Sai ma'aikata biyu, Ɗanmusa da Akaa, magidanta majiya ƙarfi, su ke kama hannayen babban ludayin da ake tarar narkakken ƙarfe da shi.

Tanderun wata ganga ce ta ƙarfe mai tsayin mutum biyu da rabi, an jera mata bulon wuta ta ciki. Ta sama ake ciyar da shi: a zuba kok, wato gawayin kwal, a zuba fasasshen ƙarfe, a watsa mudu ɗaya na dutsen farar ƙasa, sannan a sake daga farko. Yana da ƙofa biyu a ƙasa. Ta gaba ita ce ta ƙarfe. Ta baya, wadda ta ɗan fi ta tudu, ta nan kashi ke fita. Kashin ƙarfe kuwa dattin tukunyar ne gaba ɗaya: tokar kok, da tsatsa, da yashin da ya manne wa ƙarfen. Dutsen farar ƙasa ke haɗa su ya narkar, sai su taso saman ƙarfe kamar man ja a kan miya, a buɗe musu ƙofar baya su gangara rami.

Duk ranar zubi Iorkyaa yakan tsoma wani siririn ƙarfe cikin kashin, ya zaro, ya jira ya huce, ya ɗaga shi sama yana dubawa da ido ɗaya. Shekara uku Ɗanliti yana ganin haka, bai taɓa tambayar me ake dubawa ba. A wurinsa kashi juji ne, kuma Allah ya haɗa shi da mai kwashe masa.

Mai kwashewar ita ce Mama Huseina. Bagwandariya ce 'yar Arikya, ta haura sittin, tana zaune ita kaɗai layi biyu daga wajen tun rasuwar mijinta. Sana'arta daɓe. Da siminti ya fi ƙarfin talaka, mutane suka koma nemanta. Ita ce ta gano cewa in ta dandaƙa kashin ƙarfe ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta ɗora marmara, ta yayyafa ruwan makuba ta buge da madaɓi, to ɓera ba ya haƙa ɗakin, gara kuma ba ta ratsawa, don abin yanka yake kamar kwalba. Duk Alhamis takan zo da kwandonta. Tsakaninta da Ɗanliti gaisuwa ce kawai.

Cikin watan Agusta aka aiko wa Iorkyaa cewa mahaifinsa na kwance a ƙauyensu wajen Gboko. Ya ɗaure jakarsa, ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Oga, in za ka iya, bar wuta ya jira ni." Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"In ban iya ba fa?"

"To, mudu ɗaya. Kar ka manta."

Sati biyu babu labari. Daga baya aka ji mahaifin nasa ya rasu, kuma jana'izar can ba ta kwana ɗaya ba ce. Ga kaka tana ƙaratowa, ga Alhaji Mailafiya, shugaban masu injin shinkafa, yana aiko mutum kullum kan kayan injin da ya ba da a zuba. Ɗanliti ya ce wa ransa, shi da aka haifa a gindin maƙera, wuta ba za ta gagare shi ba.

Zubin farko bai yi daɗi ba. Damina ce, ƙarafan da aka kawo duk sun sha taɓo, haka aka farfasa aka zuba. Kashin ya yi kauri kamar tuwon da ya kwana, ya ƙi fita, ya toshe kafofin da fanka ke hura iska ta cikinsu. Ƙarfen ya fito a sanyaye, rabin kayan suka tashi da ramuka. Ɗanmusa ne ya tuna cewa ya taɓa ganin Iorkyaa ya ƙara ɗan dutse da kashi ya yi nauyi. Laraba ta gaba Ɗanliti ya zuba mudu biyu, kashi ya gudana. Ta gaba da ita ya zuba uku, ya zubo kamar ruwan koko. Daɗi ya kama shi. Washegarin kowane zubi yakan leƙa cikin tanderun da tocila, ya ga bangon sumul yana ƙyalli, ya shafa ɗan yumɓu inda ya ga tsaga, ya ce alhamdu lillahi.

Haka aka yi Laraba huɗu. Ta biyar ita ce babba, don a ranar zai zuba duk kayan Alhaji Mailafiya.

Ranar Talata da hantsi yana durƙushe kan akwatunan yashi, sai ga Mama Huseina. Ba kwando a kanta. Kwano biyu ta riƙo, kowanne a rufe da faifai.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Yawwa, Mama. Yau kin yi sammako, ai sai jibi. Amma duba baya, ba za ki rasa ba."

"Ba kwasa na zo ba. Ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

"Taka. Kuma wurinka na kawo ta."

Ɗanmusa ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce ta yi wa wata amarya daɓe a bayan kasuwa, kwana goma da gamawa ɗakin ya kumbura, ya yi ƙuraje kamar mai ƙyanda, yanzu in aka taka sai ya burme. "Shekara talatin ina wannan aiki, ba a taɓa kirana in zo in ga kunyata ba sai jiya. Makubata ba ta canja ba. Marmarata ba ta canja ba. Hannuna kuma shi ne dai. Saura kayanka."

Ta buɗe kwanon farko. Kashi ne kore-kore mai sheƙi, kamar fasasshiyar kwalbar lemo. "Wannan na bara ne, na rage a bayan ɗaki. In na buga shi, ƙil yake cewa, ya tarwatse." Ta buɗe na biyu. Wannan fari-fari ne, dusu-dusu, ba sheƙi ko kaɗan. Ta ɗauki guda ta murza da yatsu, ya ruguje kamar tsohon ƙuli-ƙuli. "Wannan na watan nan ne. In ya sha ruwa sai ya kumbura. Kuma da kwando huɗu nake samu, yanzu bakwai. Ina ukun suka fito?"

"Dutse na ƙara, Mama. Shi ke nan. Aiki ne ya so haka."

Ta tona cikin kwanon ta tsinto wasu 'yan gutsattsari rawaya-rawaya, ta miƙa masa a tafin hannu. "Waɗannan fa?"

Ya ɗan kalla. "Tsakuwa ce."

"Ba tsakuwa ba ce. Uwata tukwane take ginawa, a gindin matoya na girma. Wannan ƙasa ce da wuta ta gasa. Me kake da shi a nan na gasasshiyar ƙasa?"

A daidai lokacin gefen yashin da yake gyarawa ya zube, aikin rabin sa'a ya lalace. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Mama, don Allah ki bar wa maƙera ƙira. Ni ban taɓa zuwa na koya miki riƙon madaɓi ba. Kyauta kike kwasa, in bai yi miki ba ki bar shi."

Ta dube shi. Sannan ta ajiye kwanukan a kan benci, ta gyara mayafinta. "Kwanukan nawa ne. In ka gama a mayar mini." Ta fita.

Ya ci gaba da aiki. Ba maganar da ya yaɓa mata ce ta fara damunsa ba, tambayarta ce. Ya bi wajen da ido: yashi ɗanye ne, yumɓu ɗanye ne, kok ba ƙasa ba ne. Da ya idar da sallar azahar bai koma kan akwatuna ba. Ya je bayan rumfa inda ragowar bulon wuta guda uku ke ajiye tun ginin tanderun, ya fasa gefen ɗaya, ya kawo ya ajiye kusa da gutsattsarin Mama Huseina. Launi ɗaya, ƙwaya ɗaya.

"Ɗanmusa, buɗe mini ƙasan tanderu. Akaa, kawo kurfi da guduma."

Ya rarrafa ta ƙasa ya miƙe tsaye a ciki, tocila a baki. Bangon na nan yadda ya saba ganinsa, sumul, yana ƙyalli. Ya ɗora kurfi ya buga. Sautin da ya dawo ba na bulo ba ne, na ƙwarya ne. Ya sake bugawa, sai wani ɓawo mai faɗin faranti ya ɓalle ya faɗo kan ƙafarsa. Ashe ƙyallin da yake gani daskararren kashi ne ya yi wa bangon lulluɓi. A bayansa, bulon da aka jera da kaurin tafin hannu ya koma yatsa biyu. Ya matsa gaba, saman ƙofar ƙarfe, ya buga sau ɗaya. Kurfin ya wuce, ya daki gangar waje, ƙwal.

Daga waje Ɗanmusa ya ce, "Maigida, me ka taɓa? Ga shi nan daidai fuskata."

Ɗanliti ya fito. Ya zagayo gaba ya dubi wurin. Ƙarfen gangar ya yi wani shuɗi-shuɗi mai faɗin hula, daidai inda Ɗanmusa da Akaa ke sunkuyawa da ludayi. Gobe da an hura wuta awa uku, da nauyin narkakken ƙarfe ya fasa wannan 'yar fatar a kansu. Ya zauna a ƙasa cikin toka.

Akaa ya daɗe yana kallon shuɗin, sannan ya ce a hankali, "Wancan satin na ji zafi ya fi na kullum. Har gashin hannuna ya ƙone. Na ce ko ni ne."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Oga yana murna."

Ɗanliti ya miƙe daga cikin tokar. Can ya ce, "Gobe ba wuta."

Da la'asar ya je ya shaida wa Alhaji Mailafiya da bakinsa. Alhaji bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce shinkafa ba ta jiran mai gyaran bango, kuma daga cikin mutanensa akwai waɗanda za su kai aikinsu Makurdi. Ɗanliti ya ce suna da gaskiya. Da ya dawo gida ya ba matarsa Sharifa labari, har da abin da ya faɗa wa tsohuwar. Sharifa ta wanke kwanukan da kanta, ta cika ɗaya da dafaffiyar gyaɗa, ɗaya da goro.

"Ba aike za ka yi ba," in ji ta. "Da ƙafarka."

"Na sani."

Ya tarar da Mama Huseina a tsakar gidanta tana jiƙa ɓawon ɗorawa a tulu. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa, ya ajiye kwanukan a gabanta.

"Mama, na zo neman gafara. Bakina ya yi abin da ba a koya masa a gida ba."

"Ka duba?"

"Na duba."

Ya kwashe duka ya faɗa mata: ɓawon da ya faɗo, kurfin da ya wuce, shuɗin da ke jikin ganga, da waɗanda ke tsayawa a wurin. Yana tsammanin za ta ce ai ta gaya masa. Sai ya ga ta saki abin da ke hannunta, ta dafe ƙirji.

"Akaa? Wanda ke ɗora mini kwando? Inna lillahi." Ta girgiza kai. "Wallahi ɗana, ni ban san da wannan ba. Ni daɓena na zo wa. Haushi ne ya kawo ni."

"To Allah ya yi wa haushin nan albarka, Mama. Da kin haɗiye shi, da yau ban san me zan gaya wa matan mutum biyu ba." Ya sunkuyar da kai. "Ki faɗi abin da zan yi miki."

"Na yafe. Amma ɗakin amarya yana nan yadda yake."

Saboda haka ranar Larabar da aka shirya wa babban zubi, maƙwabta suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Ɗanliti da Ɗanmusa da Akaa suka tone tsohon jujin bayan rumfa har ƙasa, suka zaƙulo koren kashi na shekarun baya, suka tura shi a baro zuwa bayan kasuwa. Suka farfashe lalataccen daɓen, suka kwashe. Mama Huseina na zaune kan turmi tana ba da umarni, ba ta raga wa kowa ba. Sau biyu tana sa Ɗanliti ya sake shimfiɗa, wai gwanin yashi ne amma bai san kusurwar ɗaki ba. Ya sake, yana dariya. Rabonsa da jin sauƙi a ƙirji irin na ranar, ya manta.

Bayan kwana tara Iorkyaa ya dawo, ya rame. Aka yi masa ta'aziyya. Bai zauna ba sai da ya shiga cikin tanderun. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya yi wata doguwar magana da harshen Tibi, wadda Akaa ya ƙi fassarawa. Sannan ya zauna kan bulok, ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu, ya nuna musu wani tabo tun daga idon sawu har gwiwa, fatar ta tattare kamar ganda.

"A kudu na samu. Bango ya fashe. Ni na yi sa'a, na gefe ne." Ya sauke wandon. "Mudu nawa?"

"Uku."

"Oga, dutsen nan mayunwaci ne. Abincinsa yashi da toka. In ka sa shi daidai, ya ci datti, ya fita. In ka sa da yawa, datti ya ƙare, yunwa bai ƙare ba, sai ya juya kan bango. Bango ma ai ƙasa ne. Kwando uku da Mama ya ce ya ƙaru, ba dutse kaɗai ba ne. Tanderunka ne yake kwasa zuwa gida."

"To da kashin ya yi kauri fa, me ya kamata in yi?"

"Wanke ƙarfe. Taɓo ne ya yi yawa. Ruwa da buroshi, shi ke nan. In ya ƙi, ƙara rabin mudu, ba biyu ba."

Ɗanliti ya riƙe kai. Ruwa da buroshi.

Iorkyaa ya sa aka kawo masa kashi iri-iri daga juji, ya jera a kan benci. Baƙi mai nauyi, ya ce wannan ƙarfe ne ya ƙone ya bi kashi, iska ta yi yawa ko tsatsa. Mai kauri da kumfa, dutse ya yi kaɗan. Fari mara sheƙi, dutse ya yi yawa. Kore mai sheƙi, wanda in an zaro shi da zafi yake jan zare kamar yauƙin kuɓewa, shi ake nema. Yana gamawa sai ya dubi ƙasa.

"Laifi na nan wurina ma. Shekara uku ban nuna maka ba. Na ce in Oga ya sani, me zai yi da tsoho?"

"Ni ma shekara uku ban tambaya ba," in ji Ɗanliti. "Na ɗauka wanda ya san ƙarfe ba ruwansa da kashinsa. Ka koya mana duka, har su Ɗanmusa. Wurin nan kuma naka ne har ranar da ka ce ka gaji."

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Bulon wuta da aka samo daga Jos bai kai ba, kuma yumɓun da ke kusa ba ya jure irin wannan zafi. Da maganar ta kai kunnen Mama Huseina, ta ce akwai wata farar ƙasa mai danƙo a bakin rafi a Arikya, wadda uwarta ke haƙa in za ta gina kaskon tuya, don ba ta tsagewa a wuta. Ranar Asabar suka ɗauki a-kori-kura, ita a gaba kusa da direba, su a baya da shebur da buhuna. Hanya ta ci su, sau biyu suna sauka tura mota. A can ta kai su wurin ƙaninta, shi ya nemo musu izinin mai gonar, sannan ta bi ta cikin ciyawa ba tare da ta yi shakka ba ta nuna wani gefen gaɓa da sandarta.

Iorkyaa ya gutsuri ƙasar ya sa a haƙori, ya tauna, ya tofar. Ya mulmula ƙwallo ya sa a aljihu. Da suka dawo ya jefa shi cikin wutar maƙera, aka zuga har ya yi fari. Bai tsage ba, bai narke ba.

Wajen kwaɓi ne suka yi ta jayayya, Iorkyaa da Mama Huseina. Shi yana son yashi ya fi yawa. Ita ta ce a dake tsohon bulon da aka ciro a zuba, yadda ake daka tsingaro a sa cikin yumɓun tukunya, don abin da ya riga ya sha wuta ba ya sake tsukewa. Iorkyaa ya ce a kudu ma haka ake yi, mantawa ya yi. Ta ce bai manta ba, so yake ya ga ko ta sani. Aka yi sati ana jera bulo ana dannawa, aka yi wani satin ana busarwa da wutar itace a hankali.

Tsakiyar Nuwamba aka hura wuta. An wanke ƙarafa tas tun jajibiri. Ɗanliti ya aika Sharifa ta ɗauko Mama Huseina, aka ajiye musu benci a inuwar mangwaro, nesa da rumfa. Duk shekarun nan tana kwasar kashi, ba ta taɓa ganin fitarsa ba. Da Iorkyaa ya huda ƙofar gaba, ƙarfe ya zubo fari fat yana tartsatsi cikin ludayi, ta miƙe tsaye ta kama hannun Sharifa, bakinta na motsi da addu'a, ba ta zauna ba sai da Ɗanmusa da Akaa suka juye ludayin farko lafiya.

Da lokacin buɗe ƙofar baya ya yi, Iorkyaa ya miƙa wa Ɗanliti siririn ƙarfen. "Kai za ka duba."

Ya tsoma, ya zaro. Kashin ya biyo da dogon zare. Ya jira ya huce, ya ɗaga shi ga rana. Kore ne, haske na ratsa shi. Iorkyaa ya gyaɗa kai sau ɗaya ya koma bakin aikinsa. Ɗanliti ya ɓalle guntun, ya tsallaka fili ya kai wa tsohuwar a hannu biyu. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa a ƙafar benci.

"Wannan zan iya aiki da shi," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ka ƙara wa mutanen nan tsawon hannun ludayi. Sun yi kusa da yawa."

Aka ƙara kamu ɗaya a kowane gefe kafin Laraba ta gaba.

Daga cikin masu injin da suka tafi Makurdi wasu ba su dawo ba. Alhaji Mailafiya ya dawo bayan kaka, bai tayar da tsohon zance ba, Ɗanliti ma bai tayar ba. Iorkyaa ya ƙara shekara biyar a wajen, kafin ya koma gona ya bar tanderun a hannun Akaa. Mama Huseina kuwa gwiwa ce ta hana ta daɓe, a 1993 ta koma Arikya wurin ƙaninta. Ɗanliti ne ya kai ta da kayanta, kuma duk kaka yakan je gaishe ta da buhun sabuwar shinkafa, Sharifa ta haɗa masa da man gyaɗa da sabulu.

Zuwansa na ƙarshe kafin rasuwarta ya same ta a zaune a ƙofar ɗaki, idonta ya yi rauni amma ta gane muryarsa tun daga waje. Ta tambayi Ɗanmusa, ta tambayi Akaa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ya fara yi mata godiyar da ya saba yi duk shekara, ta katse shi.

"Ka bar wannan, na ji ta. Injin niƙan garin nan kwana shida ke nan yana fitar da tsaki maimakon gari. Matan nan sun koma turmi. Tunda Allah ya kawo ka, je ka duba."

Da fararen kayansa na Juma'a ya zo. Ya tuɓe babbar rigar ya ba ta ta riƙe masa, ya tambayi hanyar gidan mai injin. Bai fito daga ƙarƙashinsa ba sai da aka kira la'asar.